Da Ƙafarsa Ya Sauko

"Ku fitar mini da makarar nan daga gida!"

Muryar ta taso daga saman baranda, ta tsallake shinge, ta iske Alby Noonan tsugune a gindin mangwaronsa yana lallashin wani kwaɗo da ya kwana cikin takalminsa. Bai gama miƙewa ba sai ga silifa ta biyo bayan muryar. Ta wuce ta kan ma'aikatan motar asibiti biyu da ke tsaye a tsakiyar matakala, ta faɗa cikin furanni.

"Mista Pascoe, ba makara ba ce," in ji babbansu yana share gumi. "Gadon ɗaukar marasa lafiya ne. Yanzun nan za mu sauko da kai, ko girgiza ba za ka ji ba."

"Ni za ka koya wa? Sanda biyu da tsumma a tsakiya. Na san ta tun ubanka yana yawo ba wando."

Lorna, 'yar mai gidan, ta leƙo daga baranda, idanunta jajur. "Kawu Alby, don Allah ka hawo. Ya faɗi a banɗaki da safe, ga shi ya ƙi kowa ya taɓa shi."

Alby ya ajiye takalmin da kwaɗon a ciki, ya zagaya ta ƙofa.

Gidan Clarrie Pascoe ya fi kowane gida a layinmu tsawon ƙafafu. Ubansa ne ya gina shi bayan wata ambaliya da ta tafi masa da komai, kuma da fushi ya gina shi, don ya ɗora katakon a kan dirkokin da babbar mota za ta shige ƙarƙashinsu ba ta goga ba. Sai da Alby ya tsaya ya huta a hanya kafin ya kai sama.

Clarrie na zaune a kujerarsa ta kullum, ya cika ta har ya zubo. Ƙafafunsa sun kumbura kamar turame, fatar tana sheƙi. Kafin yaƙin duniya babu wanda bai san shi ba a Ipswich. Tsurut ake kiransa don zolaya, saboda ba a taɓa ganin ƙato irinsa a filin zari-ruga na garin ba. Har an zaɓe shi ya buga wa jihar Queensland, an sa hotonsa a jarida, sai yaƙi ya zo. Ya tafi da ƙafafu biyu daidai, ya dawo ɗaya ta fi ɗaya tsawo, bai sake taka fili ba. Abin da wasan ya bar masa shi ne kunnuwa. Sun dunƙule sun murɗe kamar ƙullun da yaro ya gama wasa da shi ya bari ya bushe. Shekara talatin suna maƙwabta, kuma shekara talatin Alby yana son ya taɓa su ya ji ko suna da taushi, bai taɓa samun fuska ba.

"An turo ka ne?" in ji Clarrie.

"An turo ni."

"To zauna, ka ce ka yi iyakar ƙoƙarinka."

Alby ya zauna. Ma'aikatan suka naɗe gadonsu suka tafi, ƙaramin ma har ya tsinto silifar ya ajiye ta a kan akwatin wasiƙa. Da rana likita ya zo, ya daɗe yana saurarar ƙirjin Clarrie, sannan ya ja Lorna kicin. Bangon katako ba ya riƙe magana. Zuciyar ta gaji, ruwan da ke ƙafafu yana hawowa. Wataƙila ya ga Kirsimeti, wataƙila bai gani ba. Babu abin da asibiti za ta yi masa da gida ba zai yi ba. Abu ɗaya kawai, kada ya kuskura ya taɓa matakalar nan.

Bayan likita ya tafi, Clarrie ya daɗe yana kallon bakin matakalar.

"Ka san harsashi ya same ni a cinya a New Guinea," ya ce.

"Na sani. Ka nuna mini ramin."

"Roƙo ka yi ta yi har na nuna maka. Abin da ban gaya maka ba shi ne yadda na fito daga duwatsun nan."

Alby ya gyara zama. Labaran yaƙin da ya saba ji daga bakin Clarrie duk na dariya ne: naman gwangwani, wani saje mai tsoron gizo-gizo, wandon da ya ruɓe a jikinsa. Wannan muryar daban ce.

"Ba mota, ba jirgi, hanyar ma babu. Laka ce da saiwoyi, hawa kamar bango, gangara kamar rijiya. Mutanen ƙasar ne ke ɗauko mu. Su sari sanduna biyu, su ɗinka bargo a tsakani, su ɗora ka, wasu na ɗauka wasu na biye don canji. Da suka zo kaina sai suka tsaya suna kallona. Suka yi ta magana da yarensu, can suka fashe da dariya, wani ya koma daji ya saro sanduna masu kauri."

"Ai dole," in ji Alby.

"Rufe mini baki. Akwai wani a gaba ta hannun dama. Ba yaro ba ne, har da furfurarsa. Tsawonsa bai kai ƙirjina ba, ƙafafu kamar sandar tsintsiya. Kwana da kwanaki ƙeyarsa kawai nake gani. Yana soke jan fure a gashinsa, kowace safiya sabo, ban san inda yake samo shi cikin lakar nan ba. Ranar farko sandar ta goge masa kafaɗa, ɗan tabo kamar kwabo. Ina kwance ina kallon tabon yana girma. Ya buɗe, ya kai tafin hannu, ƙudaje suka same shi. Ya sa ganye, ganyen ya jiƙe ya zame. In aka ce ya huta, sai ya koma ɗaya kafaɗar, ita ma ta fara. Duk naman nan da na tara, wanda ake tafa mini a fili saboda shi, ga shi yana cin fatar bawan Allah, ni kuwa ina sama ina lilo."

Ya tsaya ya nemi numfashi. Alby ya miƙa masa ruwa, ya ture.

"Da muka iso inda motoci suke, suka sauke ni. Ya shafa kaina kamar yaro, ya juya ya koma dajin ɗauko wani. Ko sunansa ban sani ba. A wurin na ce an gama. Babu ɗan Adam da zai sake sa nauyina a kafaɗarsa, ina raye ko ina mace."

"To ai in ka mutu ba ka da ta cewa."

"Shi ya sa nake so in sauka tun ina da ta cewa. Duba matakalar nan, Alby. In na mutu a nan sama, ƙarti nawa za su karya bayansu kafin su kai ni ƙasa? A sa mini gado a ƙarƙashin gida. Daga can zuwa bakin titi fili ne shimfiɗe, masu jana'iza kuma suna da gado mai taya. Turawa kawai za su yi."

Ashe Lorna na tsaye a bakin ƙofa da farantin shayi.

"Ƙarƙashin gida?" ta ce. "Wurin injin wanki da tsofaffin tayoyi? A yi ta faɗa a gari na jefa ubana ƙarƙashin gida kamar karyayyar kujera?"

"Akwai iska a can."

"Likita ya ce zuciyarka za ta tsaya a matakala."

"To sai in gangara, na rage wa kowa aiki."

"Baba!" Ta dangwarar da farantin har shayin ya fantsama, ta koma ciki.

Lorna tana aikin safe a kantin magani. Duk ranar da motarta ta fita, sai Alby ya ji jan ƙafa a kan katako, ya leƙa ta shinge ya ga Clarrie a bakin matakala, hannu biyu a kan mariƙin. Zai miƙa ƙafa ɗaya ƙasa kamar mai gwada sanyin ruwa, gajeruwar ta fara rawa, ya janye. Farkon mako yana iya tsayawa a wurin har ya zagi karen maƙwabta. Zuwa ƙarshen mako, isa bakin matakalar ma sai ya zauna a hanya. Kowa ya gani ya san lokacin da ya rage wa ƙafafun nan ba shi da yawa.

Alby ya yi ta kawo dabaru. Ya ce a ɗaura igiya a katakon rufi a zura shi a hankali cikin kujera.

"Wa zai riƙe igiyar?" in ji Clarrie.

Ya ce a shimfiɗa katifa a kan matakala ya sulala.

"Ni buhun sukari ne?"

Wata rana da azahar Alby ya yi gyangyaɗi a gindin mangwaro, ya ga kogin ya cika ya shigo layinmu shiru-shiru, ruwan ya yi ta hawa har ya yi daidai da barandar Clarrie, shi kuwa ya taka ya kwanta a kai ya tafi abinsa yana ɗaga wa mutane hannu. Ya ba matarsa Dulcie labarin, har yana cewa ruwa ai ba shi da kafaɗa.

"Tashi ka ci abinci," in ji Dulcie. "Kuma ka fitar mini da kwaɗon nan daga ɗakin wanki."

Ranar Asabar Vince Carmody ya zo, kamar yadda ya saba, da jaridar sukuwar dawaki a hammata da kwalabe biyu a jakar takarda. Gajere ne, ƙafafu a gwame, haƙoransa na sama duk na kanti. Shi da Clarrie sun yi wasa a ƙungiya ɗaya tun suna samari. In alƙalin wasa ya hura a yi turereniya, mutum uku ne a sahun gaba: ƙarti biyu a gefe, su ne ginshiƙai, sai gajere a tsakiya da ke rataya hannuwansa a wuyansu yana ƙwato ƙwallo da ƙafa. Clarrie ginshiƙi ne, Vince na tsakiya. Har yau in suna tafiya tare, Vince a hagun Clarrie yake tsayawa ba tare da ya sani ba.

Da ya ji rigimar, Vince ya buɗe kwalba da bakin mariƙin baranda ya ce, "Kai dai ka cika son girma, Tsurut. Shekara nawa kana ɗauke da ni a fili? Ka taɓa jin na yi wannan kukan?"

"Ban taɓa ɗaukarka ba."

"A wuyan wa nake rataye? Na limamin coci?"

"Ƙafarka ta taɓa barin ƙasa?"

"Ɗaya tana bari."

"Ɗaya tana ƙasa. Wannan riƙo ne. Ka riƙe ni, na riƙe ka, kowa yana turawa da abin da yake da shi. Ranar da ka kwana kana sha ka sake ni a wasan Toowoomba, wa ya ci ƙasa da hanci? Ni ko kai?"

"Rigarka ce ta yage."

"Hannunka ne ya mutu, mashayi."

Alby bai taɓa buga zari-ruga ba. Idonsa na hagu ba ya gani sosai, shi ya hana shi wasa, shi ya hana shi soja. Yana zaune yana juya murfin kwalba a hannu, sai ya ce, kamar da kansa yake magana, "Wato in ƙafar mutum tana ƙasa, hannuwansa kuma a wuyan mutum biyu, ba a ɗauke shi ba ke nan."

"Riƙo ne, na ce maka," in ji Clarrie.

Vince ya dubi Alby, ya dubi matakala, ya dubi Clarrie. Dariya ta kama shi har sai da ya tare haƙoransa da hannu.

"A'a," in ji Clarrie. "Kada ma ku fara. Ni a tsakiya? Wurin gajeru ne da 'yan maguɗi."

"Ga ka kuwa ka cancanta," in ji Vince. "Ƙafa ɗaya gajeruwa, kuma kana neman yi wa likita maguɗi."

"Su wa ne ginshiƙan? Kai, da wannan karan da iska ke kaɗawa?"

"Mu ne ke nan. Sauran duk suna maƙabarta. Ko mu je mu taso maka su?"

Clarrie ya dubi ƙasa. Yana kallon ƙafafunsa, yana motsa yatsun ɗaya bayan ɗaya kamar mai ƙidayar waɗanda suka rage masa cikin ƙungiya. Can ya ce, "Matakalar gaba ta fi faɗi. Ku kwashe tukwanen furen."

Sun kwashe tukwanen, sun tayar da shi tsaye a bakin matakala, sai motar Lorna ta shigo. Ta fito da jakar cefane a kowane hannu, ta ɗaga kai ta gan su su uku a jere. Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye jakunkunan a kan ciyawa, ta hawo, ta tsaya daf da su.

"Ku biyun nan," ta ce, "in ya faɗi, ku za ku gaya wa jikokinsa yadda aka yi?"

Vince ya sunkuyar da kai.

"Lorna," in ji Clarrie. Ba da muryar jifa da silifa ya kira ta ba. "Yau ina iya tsayawa. Mako mai zuwa ba zan iya ba. Kin ji labarin, na san kina bakin ƙofa. Ban taɓa roƙonki komai ba ban da gishiri a abinci."

Ta daɗe tana kallonsa. Ita ce ta tashi a gefen fili, tana riƙe masa hula yana yi wa 'yan wasan garin ihu kowace Lahadi har muryarsa ta dishe. Ta share hanci da bayan hannu, ta juya ga Alby.

"Haka ake riƙo, Kawu Alby? Kamar za ka yi rawa da Inna Dulcie? Kuma a wannan rigar barcin? Ja ɗaya za ta rabu biyu."

Ta shiga ciki ta fito da tsohuwar rigar aikinsa mai kauri, ta sa masa, ta ɓalla maɓallan da suka yarda su haɗu. Ta kama hannun Alby ta zagaya da shi ta bayan ubanta. "Damƙi rigar can ta wancan gefe. Murɗa ta a hannunka. Ƙara. Ɗaya hannun a kan mariƙi. Kai ba ruwanka da kallon gaba, ƙafafunsa za ka kalla. Kawu Vince, cire haƙoran nan kafin ka haɗiye su."

Vince ya cire ya sa a aljihu. Clarrie ya ɗaga hannuwansa ya ɗora su a wuyansu. Kansa ya jingina da na Alby, kunnen nan ya manne masa a kumatu. Ashe tauri ne da shi, da sanyi, kamar dutsen kogi. Alby ya so ya gaya wa wani, amma ba lokacinsa ba ne.

Lorna ta sauka taki ɗaya da baya, tana fuskantarsu, hannuwanta a buɗe duk da ta san ba abin da za su tare.

"Yanzu," ta ce.

Doguwar ƙafa ta sauka, gajeruwar ta biyo. Katakon ya yi ƙara. Su uku sun cika faɗin matakalar, ƙugun Alby yana goga mariƙi.

"Yanzu."

Numfashin Clarrie yana fita kamar ana zarto a jiƙaƙƙen itace. Gumi ya jiƙa rigar, ta fara santsi a hannun Alby, ya ƙara murɗawa har yatsunsa suka daina jin komai. A ƙetaren titi wata mata da ke shanya ta tsaya da rigar yaro a hannu. Wani mai keke ya sa ƙafa a ƙasa.

Sun wuce rabi ke nan sai gwiwar Clarrie ta lanƙwashe.

Nauyin ya sauko wa Alby gaba ɗaya a wuya, kamar rufin gida ya zauna masa. Ya ji wani abu ya yi ƙas a kafaɗarsa, idonsa mai kyau ya cika da taurari. Abin mamaki, ba faɗuwa ce ta zo masa a rai ba, jan furen nan ne, da tambayar inda mutumin yake samo sabo kowace safiya. Bai ɗauke idonsa daga ƙafafun ba, tunda haka aka ce masa.

"Tura, Tsurut!" Vince ya daka tsawa da bakinsa marar haƙora. "Tura, ɗan banza! 'Yan Brisbane ne a gabanka, za ka bar su su taka ka a gaban 'yarka?"

Wani gurnani ya taso daga cikin ƙirjin Clarrie, irin wanda ba a ji ba a layinmu tun da ya daina zuwa fili. Gwiwar ta yi rawa, ta yi rawa, ta miƙe. Nauyin ya ɗaga daga wuyan Alby kaɗan.

"Yanzu," in ji Lorna, hawaye na zuba ba ta share ba.

Haka suka yi ta yi har tafin ƙafar Clarrie ya taka ciyawa. Suka ja jiki zuwa inuwar ƙarƙashin gida, ya zauna a kan wani tsohon benci, leɓɓansa sun yi shuɗi. Vince ya kwanta a kan siminti yana kallon katakon sama. Da numfashi ya dawo wa Clarrie, bai nemi ruwa ba. Ya kamo hannun rigar Alby.

"Lokacin da gwiwar ta tafi," ya ce. "Ƙafata ta bar katako?"

"Ta dama ta bari."

"Ta hagu fa? Kada ka yi mini ƙarya, Alby."

"Ba ta bari ba. Dunduniyar ta ɗaga, amma babban yatsan ya kama bakin katakon ya lanƙwashe kamar ɗan yatsan hannu. Har farcen ya yi fari. Ban taɓa ganin yatsan ƙafa ya yi haka ba. Ina ma ka gani."

Clarrie ya dube shi. Duk layinmu an san Alby Noonan yana iya manta ranar haihuwar matarsa, amma bai taɓa ƙara ko rage komai a kan abin mamakin da ya gani da idonsa ba. Clarrie ya saki rigar, ya jingina da dirka.

"Wurin tsakiyan nan ba wuya," ya ce. "Ashe zaman banza ka yi ta yi, Vince."

Kafin yamma maƙwabta sun sauko da gadonsa, an ture tayoyin gefe, Dulcie ta rataya labule ta ɓangaren rana. Abin da Lorna ta ji tsoro bai faru ba, ko kuma ya faru a inda ba ta ji ba. Abin da ya faru shi ne layin gaba ɗaya ya koma ƙarƙashin gidan Pascoe. Mutanen da matakala ta hana su gaishe shi shekara da shekaru suka riƙa tsayawa a hanyarsu ta kanti. Mai kawo wasiƙa yana shan shayi a wurin. Rediyo na kan injin wanki. Likita ya zo ya tsaya yana kallon matakalar, ya kalli Clarrie, ya ciro abin awonsa.

Shugaban ƙungiyar tsofaffin sojoji ma ya zo, da hularsa a hannu. Ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce in lokaci ya yi, kamar yadda aka saba yi wa kowane ɗan'uwa, akwai mutum shida da za su ɗauki akwatin a kafaɗa, da tuta a kai.

"Ku shidan nan," in ji Clarrie, "in aka haɗa ku ba za ku ɗaga akwatin giya ba. Ku sa tutar, ku busa ƙahon, ku yi tafiya a gefe. Taya za ta yi sauran."

"Amma al'ada ce, Clarrie."

"Ya gaya maka," in ji Lorna daga wurin wanki, ba ta ko juyo ba. "Taya."

Clarrie ya ga Kirsimeti, ya ci naman alade mai gishirin da aka hana shi. Bayan 'yan kwanaki, wata rana da la'asar, hadari ya taso daga yamma ya zubar da ruwa kamar da bokiti, ya wuce. Alby na zaune a gefen gadon, hannunsa na dama har yanzu a rataye cikin gyale, yana ba Clarrie labarin abin da ya gano game da jemagun da ke cinye masa mangwaro: wai ko haihuwa a rataye suke yi, kuma ɗan ba ya faɗowa.

"Kai dai, Alby," in ji Clarrie, idonsa a rufe. "Kai dai."

Alby ya ci gaba da bayani, don akwai sauran abin mamaki game da fikafikansu. Sai da ya kai ƙarshe ya lura zarton numfashin nan ya daina. Ruwa na ɗiga daga bakin rufi. Ya ɗan zauna tukuna, sannan ya je gindin matakala ya kira Lorna.

Masu jana'iza suka zo su biyu da gadonsu mai taya. Suka sauke shi ya yi daidai da na Clarrie, babbansu ya naɗe hannun riga ya nemi inda zai kama.

"Ja za ku yi," in ji Lorna. "Da zanen gadon. Ba ɗagawa."

Suka dubi juna, suka ja. Ya sulala daga gado zuwa gado ba tare da ya bar shimfiɗa ba. Suka rufe shi, suka tura. Ƙasa ta sha ruwa, tayoyin suka nutse, sai da Vince ya sa hannu, Alby ma ya sa nasa mai lafiyar, kafin abin ya motsa. Daga nan ya tafi salin-alin har bakin titi, ƙafafun gadon suka naɗe da kansu ya shige bayan mota.

Motar ta sha kwana. Lorna ta hau sama buga waya, Vince ya tafi neman abin da zai jiƙa maƙogwaro, mutane suka watse ɗaya bayan ɗaya. Alby ya tsaya shi kaɗai a bakin ƙofa. Tayoyin sun bar layi biyu a cikin ciyawa, masu zurfi, a miƙe tun daga inuwar gidan har titi, ruwa ya riga ya fara taruwa a cikinsu. Wani tsuntsu mai baƙi da fari ya sauko daga kan waya, ya bi gefen ɗaya layin yana taku kamar mai duba aiki, ya tsaya, ya sunkuya ya sha.